Kwamfutar Da Ta Zaunar Da Shitu

A shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara, wayoyin mutanen Gummi suka koma fitilu. Mai tsada da mai araha duk aikinsu ya zama ɗaya, haska hanyar banɗaki da duba lokacin salla. Samarin da a da ko sallama ba sa amsawa saboda danne-danne, sai ga su a kan dakali suna kallon kaji. Makarantu ma a rufe suke. A cikin wannan hali Basma ta zo daga Anka wankan jego gidan Innarta, da jaririya a kafaɗa, da tsohuwar kwamfuta a ƙasan jakar kayan jaririyar, ta danne ta da zannuwa don kada Inna ta gani tun daga ƙofa.

Inna kuwa ta gani. Ta ɗaga jakar, ta ji nauyinta, ta ce, "Wagga ɗiya taku da ƙarfe taka sa riga?" Sannan ta kafa doka. Mai jego za ta yi wankanta na ruwan zafi safe da yamma, ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri, kuma ƙafarta ba za ta taka zaure ba sai ta yi arba'in. Abin da za ta yi da ƙarfenta a tsakar gida, wannan ruwanta.

Basma malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata. Tun tana kwaleji ta goge manhajar da kwamfutar ta zo da ita, ta sa Linux, wadda kowa ke da damar ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara yadda yake so. Hakan ya dace da halinta, don ita mace ce da ba ta son a ce mata a bar abu yadda aka same shi. Duk abin da aka kawo mata, amsarta ɗaya ce: zai yi. Sau da yawa kuma yakan yi ɗin, shi ya sa ba a iya ja da ita, kuma shi ya sa wani lokaci takan ba mutum haushi.

Ba ta daɗe da zuwa ba 'yan matan unguwa suka gano ta. Sun gama sakandare, suna jiran jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, jarrabawar da a kwamfuta ake yin ta, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin tambaya a kan allo ba. Basma tana da tsofaffin tambayoyi jibge a cikin kwamfutarta. Sai tsakar gidan Inna ta zama aji. Matsalar dai kwamfuta ɗaya ce, 'yan mata kuwa sun cika tabarma biyu har suna zama a kan turmi. Kafin layi ya zagayo kan yarinya, rana ta yi tsaka.

A cikinsu akwai Habsu, 'yar maƙwabcinsu Makau. Ba ta da surutu, amma idan ta zauna gaban allon sai ka ga har numfashinta ya sauya. Basma ta sa ta a rai tun ranar farko.

Wata safiya Makau ya yi sallama a zaure. Namiji ba ya wuce nan, don haka ya tsaya ta bayan labule, Basma ta matso bakin ƙofar tsakar gida da jaririya a hannu.

"Malama, ni ba ni ƙin karatu," in ji Makau. "Amma wanga ba karatu na ba. Ɗiya ta wuni tana bin layi, ta taɓa na'ura sau guda ta komo gida. In munka ƙare yankan gero Abare za ni koma, kuma da ita za ni tahi. Gwaggonta na son mai taya ta tuwon saidawa wurin masu niƙa."

 Kowa a ƙasar nan ya san ƙurar da ke tashi inda ake niƙa dutsen zinari, da abin da gubar dalma ta taɓa yi wa yara. Basma ta kuma san yarinyar da ta tafi tuwon sayarwa ba ta dawowa zaman jarrabawa.

"Baba Makau, ka san ƙurar wurin nan."

"Na san ta hiye da ke. Ita ka ciyar da mu."

"To in kowace ɗiya ta samu nata allo ga hannunta, ba layi, ba jira?"

"Ki yi in gani da idona."

"Za ka ara mata wayarka?"

"Wayata ba ta zuwa hannun yara," in ji shi. Ya sa takalminsa ya tafi gona.

Dabarar da Basma ta yi mai sauƙi ce. Waifai ba ya buƙatar layin kamfani. Idan kwamfutar ta watsa nata waifai a tsakar gida, duk wayar da ke kusa za ta kama, ta buɗe tambayoyin da ke cikin kwamfutar kai tsaye. Wayoyi kuwa ga su nan zube a gari ba aikin yi. 'Yan matan suka bazama aro, yayye da iyaye suka bayar ba musu, tunda fitila ko ta aci-bal-bal ma tana yi. Habsu ce kaɗai ta dawo hannu rabbana.

Waifai na cikin kwamfutar ya mutu tun da daɗewa, amma wannan bai dami Basma ba. Mijinta Murtala ya taɓa sayo mata adafta a shagon wani Yahaya a Anka, ɗan ƙaramin abu kamar yatsa mai ɗan eriya, wanda ake cusawa a gefen kwamfuta. Yana nan a kwalinsa. Ta ciro ta jona. 'Yar fitilar da ke jikinsa ba ta ko motsa ba. Linux ta ga an cusa mata wani abu, amma ba ta san yadda za ta yi magana da shi ba, sai an kawo mata 'yar manhajar da masu gyara ke kira direba. Direba kuwa a intanet yake. Ga abin haushin ke nan: kana neman waifai, sai a ce maka je ka intanet ka ɗauko abin da zai ba ka waifai, a garin da ko gaisuwa ba ta fita ta waya.

Nan Shitu ya shigo maganar. Ɗan kawun Basma ne, wato taubashinta, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Yana da wata tsohuwar mota, kuma rufe layi ya buɗe masa sana'a. Yakan bi gida gida ya tattara wayoyin mutane, ya ɗaura wa kowace zare mai launi don kada su cakuɗe, ya zuba a buhun shinkafa, ya nufi wani gari a hanyar Sakkwato inda sabis ke kamawa. A can sai ya shimfiɗa tabarma a rumfar mai shayi, ya jera wayoyin, ya kunna su duka. Saƙonnin da aka rubuta a gida su fita, waɗanda ke jira su shigo, wayoyi su yi ta kuka kamar 'yan tsaki. Ya sha shayi, ya yi azahar, ya tattara. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa, la'asar a Gummi take samunsa, don hanyar ba ta da amana da yamma. Kuma ba kullum yake zuwa ba, sai ya samu mai.

Basma ta ɗauki kwalin, ta kwafi sunan da ke jikinsa, ta rubuta wa Fa'iza, ƙawarta ta kwaleji da ke aiki a Sakkwato, ta nemo mata direban wannan adafta. A tafiyar farko saƙon ya fita. A ta biyu amsa ta dawo da fayil ɗin. Basma ta sa aka gaya wa 'yan mata kowa ta zo da wayarta a cike da caji, yau za a yi ta ta ƙare. Har Inna ta dama kunu da yawa.

Ta zuba fayil ɗin a kwamfuta, ta haɗa shi, komai ya tafi lafiya lau. Ta jona adafta. Fitila shiru. Ta cire ta mayar, ta kashe ta kunna, ta sauya rami. Shiru. 'Yan mata suna riƙe da wayoyi suna kallonta, Habsu kuma tana kallon ƙasa.

Sai a lokacin ta yi abin da ya kamata ta fara yi tun farko, abin da ita da kanta take koya wa ɗalibai: ta tambayi kwamfutar me aka jona mata. Ta buga umarnin lsusb, lambar adaftar ta fito. Ba ta da alaƙa da sunan da ke jikin kwali. Ta juya kwalin ta dubi hoton, eriya biyu ne a hoton, nata ɗaya. Nan take ta tuna shagon Yahaya da buhun kwalayen da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Kayansa a leda suke zuwa tsirara, mutanen Anka kuwa ba sa sayen abin lantarki ba kwali, musamman mijin da zai kai wa matarsa. Sai Yahaya ya laluba buhu, duk kwalin da ya yi daidai da girman kaya, shi ne nasa. Ta sha ganin yana yi, har dariya ta taɓa yi masa.

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, kuma haushin kanta ya fi na Yahaya yawa. Ta sallami 'yan matan. Inna ta raba musu kunun duk da haka.

Gero kuwa bai jira ba. Daga tsakar gida ana jin amalanken shanu suna wucewa da dammuna. Habsu ta ce saura gonar fadama kawai babanta ya gama. Shitu ya leƙo ya ce man da ya rage masa na tafiya ɗaya ne, bayan ita sai abin da Allah ya yi. Hanyar Fa'iza tafiya biyu take ci, ɗaya ta kai tambaya, ɗaya ta kawo amsa.

"Inna, ki bar ni in bi Shitu, in je in komo."

"Mai jego? Cikin motar da ko ƙohwa ba ta ruhuwa? Ki sake hwaɗi in ji."

Ba ta sake ba. Ta zauna tana shayar da jaririya tana kallon kwamfutar, can sai ta yi murmushi. Inna ta san wannan murmushin, ta ce, "Mi kuma?"

"Ba ni za ni tahi ba. Ita za ta tahi, da muryata."

Abin da ta tuna shi ne, Linux ba ta buƙatar wani direba kafin ta sha intanet daga waya ta igiyar caji. Da lambar gaskiya a hannu kuma, ta binciko sunan direban da ya dace a cikin sunayen manhajojin da kwamfutar ke riƙe da su tun lokacin da akwai sabis. Sunan na nan, ɗaukowa ce kawai ta gagara. Sai ta zauna ta rubuta wa kwamfutar umarni daki daki: da an kunna ki, ki jira sabis, in ya zo ki ɗauko direban da duk kayan haɗa shi, ki haɗa, in ya yanke ki sake gwadawa. Ta saita wayarta yadda da an jona za ta fara bayar da intanet da kanta, ta naɗe igiyar da salatif don kada ta zare a gargadar hanya.

Saura Shitu. Ta san shi sarai, ba zai karanta abin da ke gudu a allo ba, kuma da ya ga minti biyu ba abin da ya motsa zai rufe ya jefa a buhu. Don haka ta ɗauki muryarta kashi kashi, ta sa kwamfutar ta riƙa faɗa masa halin da ake ciki. Ta ƙara guda ta ƙarshe, wadda za ta fito idan lokacin tashinsa ya yi, ko an gama ko ba a gama ba. A wannan ba ta sa wasa ba ko kaɗan.

Da safe Shitu ya zo da buhunsa. Inna ta miƙa masa kwamfutar a naɗe cikin zanen goyo.

"Aikinka guda na," in ji Basma daga bakin ƙofa. "Ka buɗe, ka danna wanga maɓalli, ka aje ta inda iska ka shiga. Sauran ita za ta gaya maka."

"Ita wa?"

"Za ka ji."

"Ke dai tun kina ƙarama ba ki da aiki sai wahal da bayin Allah. In ta hwashe ba ruwana."

"In ta hwashe ka kawo man gutsattsarin, za ni haɗa."

Wunin ranar Basma ta yi aji kamar kullum, sai dai da baki da alli a jikin ƙofar langa-langa. Ba ta gwada umarnin nan da sabis na gaske ba, don babu inda za ta gwada, amma ta bi shi layi layi har ta haddace, kuma zuciyarta a kwance take game da shi. Abin da ya tayar mata da hankali daban ne. Aka kira la'asar, babu Shitu. Aka idar, babu Shitu. Inna ta ɗauko carbi ta zauna a bakin murhu. Tsoro ya kama Basma sosai, ta ji da ma ba ta aike shi ba, da ma adaftar ta faɗa rijiya. Tana cikin haka sai ga kukan motar nan da duk Gummi ta sani, kamar ana jan garwa a kan tsakuwa.

Shitu ya shigo har tsakar gida, tunda shi ɗan gida ne, ya dire kwamfutar a tabarma.

"Wallahi Basma kin gama da ni. Rumfa cike da mutane, na danna, sai ji munka yi, 'Shitu, zamna, ban sallame ka ba.' Mai shayi sai da ya zub da madara. Na ɗaga ƙahwa za ni alwala, tac ce, 'Ina za ka? Ɗan jira kaɗan, raggo.' Wani tsoho yac ce man, yaro, matarka ta? Nic ce a'a, wagga ta hi mata bala'i."

"Ta ce an gama?" Basma ta katse shi.

"Tun kahin a yi azahar. Tac ce, 'An gama, ruhe ni, Allah shi yi maka albarka.' Wannan kaɗai na ji daɗi."

"To mi ya tsai da kai, don Allah? Inna ta kusa cinye carbi."

Shitu ya sosa ƙeya. "Mutanen rumfa sunka ce ba ni tahiya sai na sake kunna ta sun ji tana zagina. Har daga tasha anka zo kallo. Lokacin tashina ya wuce ban sani ba, ina sake kunna ta tac ce, 'Shitu, lokaci ya yi, tashi ka taho gida, komi ya jira.' Da na ji muryarki ba wasa, ko sallama ban yi musu ba."

Inna ta ɗaga muciya, ya kauce yana dariya.

Basma ta kunna kwamfutar, ta kashe muryar kafin ta sake zagin kowa, ta ɗauko adafta ta jona. 'Yar fitila shuɗiya ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta ci gaba. Ba ta yi ihu ba, ta dai ce, "Na ce zai yi." Ta kunna watsawa, ta sa masa suna Tsakar Gidan Inna. Aka aika kiran 'yan mata, kafin ka ce me tabarmi sun cika. Ɗaya bayan ɗaya wayoyin aro suka kama, tambayoyi suka buɗe, tsakar gida ta yi tsit kamar ɗakin jarrabawa. Basma ta cire salatif daga wayarta ta miƙa wa Habsu.

Rana ta yi sanyi sai ga sallamar Makau a zaure. Ya gama gonar fadama, ya ce a turo masa Habsu ta zo ta haɗa kayanta, sammako za su yi. Habsu ta fara ajiye wayar. Basma ta dafa hannunta ta ce ta ci gaba.

"Baba Makau, ka ce sai ka gani da idonka."

"Na ce. Amma kin san ba ni shiga cikin mata."

"Ba sai ka shigo ba. Hiddo wayarka. Shitu, je ka nuna mai."

Shitu ya fita zaure. Ana jin su ta bayan labule, Shitu yana cewa danna nan, a'a, nan. Can Makau ya ce, "Ikon Allah. Ta bango yab biyo?" A shafin da ya buɗe akwai sunayen duk masu amsa tambaya a lokacin, kowace da alamar da ke fitowa a gaban sunanta. Makau ba ya jin Turanci, amma ya san sunan 'yarsa idan ya gan shi a rubuce.

"Wanga koren abu da ya hito gaban Habsu fa?"

"Ta ci ke nan," in ji Basma.

Jim kaɗan Makau ya ce, "Ga wani kuma."

"Ta sake ci."

"Wanga ja na."

"Ta hwaɗi wannan. Yanzu za ta ga inda ta kuskure, gobe ba ta sake hwaɗuwa."

 Aka ji Makau ya ja tabarmar zaure ya zauna. Habsu ba ta ɗaga kai ba, hawaye na sauka a kan allon wayar, tana sharewa da gefen mayafi tana dannawa. Duk bayan ɗan lokaci sai a ji murya daga zaure, ƙasa ƙasa, kamar mai magana da kansa: kore, kore, ja, kore. Har aka fara kiran magariba yana nan.

Sannan hannu ya ɗago gefen labule, riƙe da waya, da zaren Shitu ja har yanzu a ɗaure a jikinta.

"Inna, a ba ta wagga, ta mai da wa Malama tata," in ji Makau. "Cajar na gida, ta ɗauka in ta komo. Ni sammako za ni yi."